Tsallaken aji, makarantar haziƙai ko zama da sa'o'i: Wane aji ne ya dace da yaro mai basira amma mai fargaba?

Ciwon cikin yakan fara ne da daren Lahadi. Zuwa safiyar Litinin, lokacin da ake neman safa da kwandon abinci, yaron ya riga ya dunƙule a kan tabarma yana cewa ba zai iya tashi ba.

An je kemis, an je asibiti, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ba a ga komai ba. Ranar Asabar kuwa garau yake, har da buga ƙwallo a layi.

Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne, wannan yaron shi ne na ɗaya a ajinsu. Ya iya karatu tun sa'o'insa suna haɗa baƙi, yakan gama lissafin da malami ya rubuta a allo kafin sauran su gama kwafa, a Islamiyya ma haddarsa ta wuce ta waɗanda suka girme shi.

Amma idan ya ci 18 cikin 20, sai ya yi ta kuka a kan biyun da ya faɗi. Idan malami ya daka wa wani yaro tsawa, shi ne jikinsa ke rawa.

Irin wannan yaro ba baƙo ba ne a gidaje da makarantun Arewa, kuma ƙarshen shekarar karatu ne lokacin da maganarsa ke tasowa. Hedimasta ya kira uba ya ce ajin ya yi wa yaron kaɗan, a tsallaka da shi. Kawu ya ce a nema masa makarantar haziƙai. Uwa, wadda ita ce ke share hawayen safiya, tana ganin a bar shi inda ya saba.

Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. Idan aka bar yaron a ajin da ba ya koyon sabon abu, zai iya tsanar makaranta. Idan aka jefa shi inda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, zai iya tsanar kansa.

Ƙwaƙwalwa ta yi gaba, zuciya na nan a shekarunta

Masana ilimin yara masu baiwa sun daɗe da lura cewa girman irin waɗannan yara ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ɗan shekara takwas zai iya yin tunani irin na ɗan sha biyu, ya yi rubutu da hannun ɗan takwas, sannan ya yi kuka irin na ɗan shida.

Wannan rata ce ke janyo wani ɓangare na fargabar. Yaron yana jin labarin garkuwa da mutane a rediyo, yana fahimtarsa fiye da yadda manya suke zato, amma ba shi da shekarun da zai iya ajiye shi a gefe ya yi barci.

Sai dai basira ba ita ke haifar da fargaba ba. Akasarin binciken da aka yi bai nuna cewa yara masu hazaƙa sun fi sauran yara fama da ita ba.

Jerome Kagan, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya shafe shekaru yana bin diddigin jarirai. Ya gano cewa kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda ya bincika sun zo duniya da saurin firgita da duk wani sabon abu, kuma su ne suka fi yiwuwar zama masu ɗari-ɗari idan sun girma.

Wato abubuwa biyu ne suka haɗu a jikin yaro ɗaya, kuma kowanne da buƙatarsa. Basira tana neman aikin da zai motsa ta. Fargaba tana neman wurin da yaro ya san abin da zai faru gobe, ya kuma san cewa kuskure ba zai janyo masa wulaƙanci ba. Ajin da ya dace shi ne wanda ya haɗa biyun.

Yadda fargaba ke ɓuya a bayan kunya

A ƙasar Hausa, yaro mai shiru-shiru abin yabo ne, musamman 'ya mace. Shi ya sa yarinya za ta iya shekara tana shan wahala a aji, malamai na yi mata kirari da natsuwa.

Bambancin yana nan ga mai lura. Kunya ba ta hana yaro cin abinci ko barci, ba ta sa shi amai a ranar jarrabawa.

Alamomin da likitocin yara kan tambaya sun haɗa da ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa a ranakun makaranta kaɗai, da goge rubutu har takarda ta huje, da ƙin ɗaga hannu alhali an san amsa. Akwai kuma komawa fitsarin kwance bayan an daina, da riƙe fitsari tun safe har tashi saboda tsoron neman izini.

Wani yaron kuma surutu ne da shi a gida, amma da ya shiga ƙofar makaranta sai ya yi gum, wata da watanni. Likitoci suna lissafa wannan a cikin nau'o'in ciwon fargaba, ba taurin kai ba.

Akwai dalilin da ya sa yaron da ya iya a gida kan rikice a gaban aji. A 2005, Sian Beilock da Thomas Carr sun gwada ɗaliban jami'a a Amurka da lissafi, sau ɗaya cikin kwanciyar hankali, sau ɗaya cikin matsi. Waɗanda suka fi ƙarfin riƙe bayanai a ka yayin warware matsala su ne matsin ya fi yi wa illa.

Abin kamar allon makaranta ne: fili kaɗan gare shi. Idan tunanin “me za a ce idan na faɗi” ya cika shi, babu inda za a rubuta lissafin.

Kafin a ɗora komai a kan fargaba, abu biyu ne wajibi. Na farko, likita ya duba yaron, har da ido da kunne. Na biyu, a bincika ko wani yana cutar da shi, ɗalibi ne, malami ne, ko wani a hanya. Yaron da yake son makaranta jiya, yau kuma ya ƙi ta kwatsam, ruwa ba ya tsami banza.

Tsallaken aji: abin da bincike ya nuna

Tsoron da aka fi yi shi ne tsallaken aji zai lalata wa yaro zamantakewa. Binciken da aka yi a ƙasashen waje bai goyi bayan wannan tsoro ba, matuƙar an yi abin bisa tsari.

Miraca Gross ta Jami'ar New South Wales a Ostireliya ta bi rayuwar yara 60 masu baiwa ta fitar hankali na tsawon sama da shekara 20. Waɗanda aka tsallakar da su sun fi samun abokai da gamsuwa da karatu. Da yawa daga waɗanda aka tilasta wa zama da sa'o'insu sun yi fama da kaɗaici.

A Amurka ma, wani dogon bincike da Julian Stanley ya fara a 1971 a Jami'ar Johns Hopkins ya ci gaba da bin ɗaliban har suka manyanta. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa, a lokacin da suka kai shekara 50, waɗanda aka gaggauta karatunsu ba su kasa sauran kwanciyar hankali ba.

To amma a can, ba a yanke shawarar a tsaye a ofishin hedimasta. Masana a Jami'ar Iowa sun tsara ma'aunin da makarantu ke bi kafin tsallakar da yaro, kuma a cikinsa akwai sharuɗɗan da ke dakatar da maganar gaba ɗaya.

Ɗaya shi ne idan yaron da kansa ba ya so. Wani kuma shi ne idan tsallaken zai kai shi aji ɗaya da yayansa ko yayarsa, ko zai bar ɗan'uwansa da suke aji ɗaya a baya.

Wannan sharaɗi na biyu ya fi nauyi a gidajen da ke da mata fiye da ɗaya, inda 'yan uba kan tashi kai ɗaya. Tsallakar da ɗan ɗaki guda ya wuce na ɗaya ɗakin zai iya mayar da katin sakamako makamin kishi, kuma yaro mai fargaba ne zai fara jin zafin.

Masanan suna kuma ba da shawarar a yi gwaji na kamar mako shida, a gaya wa yaron tun farko cewa gwaji ne, idan bai yi ba zai koma ajinsa ba tare da an ce ya gaza ba. Sannan dole malamin sabon ajin ya kasance yana maraba da shi.

Tsallaken da ake yi a nan daban ne

A makarantun kuɗi da dama na Najeriya, aji shida na firamare ya kusa zama tarihi. Yara na zana jarrabawar shiga sakandare daga aji biyar, wasu ma daga aji huɗu.

Sau da yawa ba auna basirar yaro aka yi ba. Iyaye na rage kuɗin shekara guda, makarantar da ke da sashen sakandare kuma na riƙe ɗalibanta kada su tafi wani wuri.

Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi yaro ya shiga firamare yana ɗan shekara shida, ya yi shida a can, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Wanda ya shiga yana ɗan biyar, ya kuma fita daga aji huɗu, zai tsinci kansa a sakandare yana ɗan tara, ya gama yana ɗan 15.

A nan ne zai ci karo da ƙa'idar shiga jami'a. A watan Yulin 2024, Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya sanar da shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga manyan makarantu. Magajinsa, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16 a watan Nuwamban shekarar.

A 2025 hukumar JAMB ta buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa da 16 masu hazaƙa ta musamman, amma da sharaɗin su ci aƙalla maki 320 cikin 400, sannan su tsallake ƙarin tantancewa. Ga yaron da ke amai saboda gwajin aji, wannan kaya ne mai nauyi.

Wanda bai kai ba sai ya zauna a gida yana jiran shekaru su cika. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Akwai kuma abin da katin sakamako ba ya nunawa. 'Yar shekara tara a aji ɗaya na sakandare tana zaune ne da 'yan mata masu 12 da 13, waɗanda jikinsu da hirarsu sun riga sun sauya. Za ta iya fin su lissafi, amma a lokacin tara ita kaɗai za ta ci abincinta.

Makarantar haziƙai da kwanan ɗaki

Najeriya na da makarantun da aka ware domin irin waɗannan yara. Akwai makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja a Jihar Neja, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta.

Jihar Jigawa na da tata a Bamaina, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, tun zamanin Gwamna Sule Lamido. A Kano kuma, makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa.

Amfanin irin waɗannan makarantu a fili yake. Yaron da ya saba ana yi masa kallon baƙon halitta yakan samu, a karon farko, waɗanda ke dariya da irin barkwancinsa, suna kuma karanta irin littattafansa.

Amma akwai farashi. Tun 1984 masanin ilimi Herbert Marsh ya nuna cewa yara biyu masu basira iri ɗaya kan bambanta a yadda suke ganin kansu. Wanda ke makarantar zaɓaɓɓu yakan ɗauki kansa ƙasa da wanda ke makarantar gama-gari, domin da na kusa da shi yake auna kansa. A 2003 shi da wani abokin aikinsa sun sake ganin haka a bayanan ɗalibai daga ƙasashe 26.

Yaron da bai taɓa sanin wani matsayi ba sai na ɗaya zai iya zuwa na 23 a zangon farko. Wani wannan zai zaburar da shi. Wanda ya riga ya ɗaure darajarsa a jikin lambar, zai iya karyewa.

Sannan galibin makarantun na kwana ne. Akwai wanki da ɗiban ruwa, akwai aiken siniyoyi, babu kuma uwa da za a raɗa wa magana da daddare.

Batun tsaro ma ba za a kauce masa ba. Yaran da ke firamare yanzu sun tashi suna jin sunayen Ƙanƙara, Kagara, Jangebe da Birnin Yawuri, inda aka sace ɗalibai tsakanin Disambar 2020 da Yunin 2021. Yaron da ya ce yana tsoron makarantar kwana ba tatsuniya yake yi ba, kuma ya cancanci amsa ta gaskiya a kan inda makarantar take da matakan da ta ɗauka.

Gwaji mai sauƙi kafin a yanke hukunci shi ne hutu. Yaron da zai iya yin mako guda a gidan goggonsa a wani gari, yana ci yana barci, ya nuna alamar shiri. Wanda sai an dawo da shi a dare na biyu, jeka-ka-dawo ta fi masa a yanzu. Wasu makarantun, kamar na kimiyya a Kano, ana shigarsu ne a matakin babbar sakandare, lokacin da ya ƙara shekara uku.

Darasi daga makarantar allo

Tsakanin tsallake aji da zama wuri ɗaya akwai hanya ta uku, kuma Bahaushe ya san ta tun kafin zuwan boko.

A makarantar allo, yara na zaune a tabarma ɗaya amma kowa da inda allonsa yake. Wanda ya iya, a biya masa gaba, ya wanke ya sake rubutu. Ba a ce masa ya jira na kusa da shi, ba a kuma raba shi da abokansa.

Makarantun boko za su iya yin kwatankwacin haka ba tare da kashe kuɗi ba. Yaro ɗan aji uku da ya yi zarra a lissafi zai iya zuwa aji huɗu ko biyar a lokacin darasin lissafi kawai, ya dawo ajinsa a sauran darussa. Abin da ake buƙata shi ne a daidaita jadawalin azuzuwan biyu.

Wata dabarar ita ce a gwada shi a farkon zango. Abin da ya riga ya iya a ɗauke masa, a ba shi aiki mai zurfi a madadinsa. Ƙara masa tambayoyi 20 irin waɗanda ya gama ba lada ba ne, horo ne, kuma yaro mai wayo zai koyi rage gudu don kada a ƙara masa.

Kuskuren da malamai suka fi yi da kyakkyawar niyya shi ne naɗa shi monita mai rubuta sunayen masu surutu, ko mayar da shi ƙaramin malami. Hakan na raba shi da abokai, ya kuma ɗora masa nauyin da yake kwana da shi.

Ga yaro mai fargaba, wannan hanya ta ukun ce ta fi sauƙin farawa da ita, domin ana iya ƙarawa ko ragewa ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Malami ya fi gini

Tallar makaranta takan nuna bene da motar ɗaukar yara da ɗakin kwamfuta. Yaro kuwa da mutum ɗaya zai wuni, kuma halin wannan mutumin ne zai yanke yadda shekararsa za ta kasance.

Zuwa da kai ya fi aike. Iyaye na da damar neman su zauna a bayan aji na rabin sa'a a ranar karatu, ba ranar biki ba. Makarantar da ta ƙi yarda da haka ta riga ta ba da wata amsa.

Abin da ya fi cancantar a zuba wa ido shi ne lokacin da wani yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Shin malami ya taimaka masa ya gano inda ya kauce, ko ya bari aji ya yi masa ihu? Shin yara na yin tambaya da kansu, ko sai amshi kawai?

A duba teburin malami ko akwai bulala. Yaro mai fargaba ba sai an doke shi ba. Ganin ana dukan wani ya isa ya hana shi fahimtar darasin ranar.

A tambaya ko ana karanta sakamakon gwaji da ƙarfi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, da kuma ko ana cin tara ko dukan wanda ya yi Hausa a harabar makaranta. Yaron da ke tsoron kuskuren Turanci zai zaɓi yin shiru baki ɗaya.

Yawan yara ma abin dubawa ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati na manyan birane ba abin mamaki ba ne a tarar da sama da 100 a aji. A irin wannan cunkoso, yaro mai shiru ɓacewa yake yi.

Duk da haka, ƙaramin aji a hannun malami mai zafin rai ya fi babban aji muni, domin babu inda yaro zai fake. Kuma a makarantun kuɗi masu ƙaramin albashi, a tambayi shekara nawa malamin ajin ya yi a wurin. Sauya malami sau uku a shekara na girgiza yaron da ke buƙatar sabo.

Idan makaranta na da aji biyu ko uku a mataki ɗaya, wani lokaci maganin bai wuce a mayar da yaro daga wannan ɗaki zuwa na kusa da shi ba, wurin malama mai haƙuri, tare da aboki ɗaya da ya yarda da shi.

Rabon gida

Wani ɓangare na fargabar daga gida ake ɗauko shi, ba da gangan ba.

A 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yara 'yan aji biyar a Amurka. Bayan sun yi wani aiki, an yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari.

Waɗanda aka yaba wa basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da suka gamu da mai wuya, wasunsu har ƙarya suka yi a kan makin da suka ci.

Yaron da kullum ake gabatar da shi ga baƙi a matsayin likitan gidan, ko ake sa shi karatu a gabansu, yana koyon cewa ƙaunar da ake yi masa a kan sakamako take. Tambayar “na nawa ka zo?” ta fi “me ka koya?” saurin fitowa daga bakin manya, kuma yaran sun lura.

Sai kuma yawan kaya. Boko daga safe zuwa azahar, lesin, Islamiyya zuwa magariba, hadda bayan asuba, ga aikin gida. Yaro ɗan firamare na buƙatar barcin sa'a tara zuwa 12, kuma ƙarancin barci na ƙara fargaba.

A ɗaya ɓangaren, tausayi ma na iya yin ɓarna. Duk ranar da aka bar yaro a gida saboda tsoro, yakan samu sauƙi nan take, amma gobe ƙofar makarantar ta ƙara yi masa nauyi.

Abin da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara ke koyarwa shi ne tunkarar abin tsoron sannu a hankali. Yau a raka shi har aji, mako mai zuwa a tsaya a bakin ƙofa. Yau ya karanta wa malami shi kaɗai, gaba ya karanta a gaban yara uku. Ba a yi masa dariya, ba a kuma ɗauke masa aikin gaba ɗaya.

Lokacin ganin likita

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na yara da matasa masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa.

A gidaje da yawa, idan yaro mai ƙoƙari ya fara firgita, baki ko kambun baka ake fara zargi, sai a duƙufa da addu'a. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Idan yaro ya yi makonni yana ƙin makaranta, ko ya rame, ko barci ya gagare shi, ko ya fara cewa gara ya mutu, lokacin jira ya wuce. Wannan magana ta ƙarshe ba a ɗaukarta wasa ko daga bakin ɗan shekara nawa ta fito.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ganin likita a can ba ya nufin hauka, kuma maganin farko ga mafi yawan yara zama ne na tattaunawa da horarwa, tare da iyaye.

Sauya aji ba ya warkar da ciwon fargaba shi kaɗai. Idan ba a kula da ita ba, a cikin jakar yaron za ta bi shi zuwa sabuwar makarantar.

Shi ya sa ya fi kyau a ɗauki zaɓin a matsayin na shekara guda, a sake dubawa a ƙarshen kowane zango. Yaron da tsallake bai dace da shi ba yana ɗan takwas zai iya neman sa da bakinsa yana ɗan 11.

Kuma a tambaye shi, ba a gaban baƙi ba, ba kuma ranar karɓar sakamako ba: wane lokaci ne ya fi daɗi a makaranta, wane ne ya fi wuya, da wa yake zama a lokacin tara?

Bayan mako shida a sabon wuri, katin sakamako bai fito ba tukuna, amma gida zai iya gane inda aka dosa. A duba kwandon abinci ko yana dawowa wayam, a saurara ko sunan wani aboki ya fara shigowa hira, a kuma lura da yadda yaron ke kwana a daren Lahadi.